Yadda ake haɗa tafiye-tafiye a fitar da tazara da kusurwarta (lissafin bekta daki-daki)

Assalamu alaikum. Yaran da nake yi wa lesin da yamma a nan Agege, da waɗanda ke turo min hoton tambaya daga Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, kusan kukansu ɗaya ne: "Malam, an ce mutum ya yi tafiya kaza, ya juya ya yi kaza, ya sake juyawa, wai mu faɗi inda ya ƙare da kusurwar da yake, ta ina ake farawa?" Na amsa wa wannan, na amsa wa wancan, har na ga gara in zauna in rubuta shi gaba ɗaya yadda nake yinsa a allo, kowa ya ajiye a wayarsa. Zan riƙa cewa "ka" ne don sauƙi, amma ƙannena mata da ku nake, a ajina ma ku kun fi tambayar wannan.

Abu ɗaya ka riƙe kafin mu shiga. Mai ruwa ya turo kurarsa da jarkoki mita 300 zuwa gabas, ya sha kwana ya yi mita 400 zuwa arewa. Ƙafarsa ta taka mita 700, wannan shi ne nisan tafiya. Amma in ka miƙe igiya daga bakin famfon da ya tashi zuwa ƙofar gidan da ya tsaya, mita 500 za ta ci, kuma tana kallon wani sashe takamaimai. Wannan igiyar ita muke nema, ita zan riƙa kira tazara, wadda a aji ake ce wa disfilasmen. Irin wannan awon mai girma da fuska a tare shi ake kira bekta. Amsar kuma a sigar fola ake son ta, wato lamba biyu: tsawon igiyar r, da kusurwar da ta karkata θ.

Kayan da za ka tanada

Kalkuleta ta sayans, mai sin da cos da tan. Ita ce mai cin kuɗi a cikin kayan, sauran duk ƙananan abubuwa ne. Casio fx-991ES PLUS da fx-82MS su na fi gani a hannun yara, kuma duk biyun sun isa wannan aikin, ba sai ka matsa wa iyayenka a kan wata babba ba. Jabu ta cika kasuwa, ita ce mai araha, wata tana aiki lafiya wata kuma madanninta na maƙalewa bayan 'yan watanni, saboda haka kar ka biya kuɗi sai ka gwada ta a gaban mai shagon: danna sin 30 ka ga 0.5, danna tan⁻¹ 1 ka ga 45, ka bi lambobin daga 0 zuwa 9 ɗaya bayan ɗaya ka tabbata kowacce na fitowa sarai a gilashin. In ta yayanka ce ka gada, ba laifi, canza mata batir kawai tun kafin lokacin jarrabawa.

Sai mat-set, saboda rula da furotirakta, da fensir mai tsini da abin gogewa, da littafin giraf ko da falle biyu ne ka yago. Waya tana da kalkuleta kyauta kuma za ta yi maka a gida, amma ba a shiga da ita ɗakin jarrabawa, don haka kar hannunka ya saba da ita ya manta da wadda za ka riƙe ranar. Masu JAMB kuma ku sani ba a shiga da kalkuletar hannu, ta kan allon kwamfuta ake ba ku, saboda haka ku haddace sin da cos na 30 da 45 da 60 kamar sunanku.

Tambayar da za mu bi

Wani kwale-kwale mai inji, irin masu ɗaukar fasinja daga Ikorodu, ya tashi daga gaɓa. Ya yi kilomita 8 yana fuskantar gabas amma ya karkata 30° zuwa arewa. Ya juya ya yi kilomita 5 a kan biyarin 330° (biyarin kusurwa ce da ake aunawa daga arewa, zan yi bayaninta a mataki na 3). Ya sake juyawa ya yi kilomita 12 yana fuskantar yamma amma ya karkata 20° zuwa kudu. Ina ya tsaya in aka auna daga inda ya tashi? Da gangan na ba kowace tafiya irin nata salon faɗin kusurwa, don haka masu tambaya ke cakuɗa su.

Mataki na 1: Duba kalkuleta tana kan digiri

Kafin ka rubuta komai danna sin 30. In ta ce 0.5 kun daidaita. In ta ce −0.988 to tana kan radiyan, in ta ce 0.454 tana kan giradiyan, waɗannan biyun wasu ma'aunan kusurwa ne daban da digiri. A fx-991ES PLUS danna SHIFT, sai MODE, sai 3, za ka ga ɗan ƙaramin D a saman gilashin. A fx-82MS danna MODE sau biyu sannan 1.

Gargaɗi: kar ka ce ai jiya ka duba. Akwai wata ɗalibata mai ƙoƙari sosai, ranar gwajin da na yi masu ta bi kowane mataki daidai, teburinta tsaf, rubutu kamar an buga, amma lambobin ciki babu ɗaya da ta yi daidai, ashe yayanta da ke jami'a ya ari kalkuletar da daddare ya mayar da ita radiyan bai dawo da ita ba. Da na nuna mata ɗan R ɗin da ke saman gilashin sai da idonta ya kawo ruwa, ni ma abin ya tsaya min a rai kwana biyu. Daƙiƙa biyar ce ake dubawa.

Mataki na 2: Yi zane, ko da na hannu ne

Ja layi a kwance da layi a tsaye su gitta. Dama gabas, sama arewa, hagu yamma, ƙasa kudu. Mahaɗar ita ce inda aka tashi. Zana kibiya ta farko daga nan, ta biyu kuma ta tashi daga bakin ta farko, ta uku daga bakin ta biyu, kamar raƙuma a ayari, kan wannan a wutsiyar wancan. A duk inda aka juya ka sake yin ɗan ƙaramin gicciye na gabas da arewa, domin kusurwar sabuwar tafiya daga nan ake auna ta.

A namu: kibiya ta farko ta yi dama tana hawa, ta biyu ta yi sama tana komawa hagu kaɗan, ta uku doguwa ce ta yi hagu sosai tana ɗan gangarowa. In ka kimanta tsayinsu ko da da ido ne za ka ga jirgin ya ƙare a hagun inda ya tashi, kuma a sama. Rubuta a gefe: arewa maso yamma. Wannan 'yar kalmar da ka rubuta ita za ta cece ka a mataki na 7.

Gargaɗi: na san da yawanku kuna tsallake zane wai ɓata lokaci ne. Wallahi duk wannan jagorar in za ka ɗauki abu ɗaya a ciki, to ɗauki wannan. Kalkuleta lamba take gani, ba ta san inda jirgin yake ba, kai ne ka sani, kuma zanen ne ya gaya maka.

Mataki na 3: Mayar da duk kusurwoyin yare ɗaya

Yaren da za mu yi amfani da shi na fola ne: ana fara ƙirga daga gabas, a zagaya saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya. Gabas 0°, arewa 90°, yamma 180°, kudu 270°.

Biyarin kuma daban yake, daga arewa yake farawa ya bi hannun agogo, kuma da lamba uku ake rubuta shi, kamar 045°. Misalin da nake ba yara shi ne alƙibla. Mu kullum cewa muke "fuskanci gabas", amma in ka buɗe kamfas ɗin wayarka a nan Legas za ka ga alƙibla na wajen 63° daga arewa, wato biyarin 063°. A yaren fola kuwa wajen 27° ce, ka fuskanci gabas sak ka ɗan karkata hagu da 27°. Fuska ɗaya, lamba biyu, ya danganta da inda ka fara ƙirga. Dokar juyawar kenan: kusurwar fola = 90° − biyarin, in ta fito da alamar ragi ka ƙara 360°.

Tafiya ta 1: daga gabas an karkata 30° zuwa arewa, wato 30° kai tsaye.
Tafiya ta 2: 90 − 330 = −240, ƙara 360, ya zama 120°.
Tafiya ta 3: yamma 180° ce, karkata zuwa kudu ci gaba da zagayen ne, 180 + 20 = 200°.

Koma kan zanenka ka duba: 120° ya wuce arewa kaɗan zuwa hagu, haka kibiya ta biyu take. 200° ya wuce yamma kaɗan zuwa ƙasa, haka ta uku take. Toh madalla.

Gargaɗi na ɗaya: tunda da Turanci tambayar ke zuwa, ka lura da jerin kalmomin. In sun rubuta "30° north of east", kalmar ƙarshe ita ce inda za ka fara fuskanta, gabas, sannan ka karkata arewa. In kuma sun rubuta N30°E, harafin farko ne mafari, ka fuskanci arewa ka karkata 30° zuwa gabas, wanda a fola 60° ne ba 30° ba. Sun yi kama a ido amma ba hanya ɗaya ba ce.

Gargaɗi na biyu: in ka zuba 330 a cikin cos da sin ba tare da ka juya shi ba, jirgin da ya nufi arewa maso yamma za ka tura shi kudu maso gabas, kuma kalkuleta ba za ta ce maka uffan ba. Wasu malaman suna koyar da cewa in biyarin ne a yi amfani da sin wajen gabas, cos wajen arewa, wannan ma daidai ne, amma ka zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kanta. Masu haɗa biyun a tambaya ɗaya su ke faɗawa rami.

Mataki na 4: Fasa kowace tafiya gida biyu

Duk tafiyar da aka yi a karkace, tamkar an yi wani abu ne zuwa gabas ko yamma, an kuma yi wani abu zuwa arewa ko kudu. Na kwance shi ne x, na tsaye shi ne y.

x = tsawo × cos θ
y = tsawo × sin θ

Ja tebur mai gida huɗu, tsawo, kusurwa, x, y, ka cike shi layi-layi:

Tafiya ta 1: x = 8 cos 30° = 6.928, y = 8 sin 30° = 4.000
Tafiya ta 2: x = 5 cos 120° = −2.500, y = 5 sin 120° = 4.330
Tafiya ta 3: x = 12 cos 200° = −11.276, y = 12 sin 200° = −4.104

Ka ga amfanin wahalar da muka sha a mataki na 3? Tunda duk kusurwoyin daga gabas aka auno su, kalkuleta da kanta take sa alamar ragi inda ya dace, ba sai ka zauna kana tunanin wanne ne mainos ba. Ragi a x na nufin yamma, ragi a y na nufin kudu. Tafiya ta uku yamma ce da kudu, ga shi duk biyun sun fito da ragi, ya yi daidai da zane.

In tafiyar sak take ba karkata, kar ka wahalar da kanka: kilomita 10 zuwa kudu x = 0 ne, y = −10, shikenan.

Gargaɗi: kar ka datse lambobi tun yanzu. Riƙe lamba uku bayan ɗigo har ƙarshe. Na gwada wannan tambayar da lamba ɗaya bayan ɗigo don in nuna wa yara, tsawon ya fito 8.08 maimakon 8.05, kusurwar ta fito 148.7° maimakon 148.3°, kuma irin wannan ɗan bambancin ya isa ya raba ka da makin amsa. Sannan ka duba awo ɗaya ne duka, in wata tafiyar da mita aka ba ka wata da kilomita, mayar da su abu ɗaya kafin su shiga tebur, mita 500 kilomita 0.5 ce.

Mataki na 5: Tara na kwance daban, na tsaye daban

Jimlar x = 6.928 − 2.500 − 11.276 = −6.848
Jimlar y = 4.000 + 4.330 − 4.104 = 4.226

Ma'ana duk yawon da jirgin nan ya yi, a ƙarshe yana kilomita 6.848 yamma da inda ya tashi, kilomita 4.226 kuma arewa. Yamma da arewa, abin da ka rubuta a gefen zanenka kenan.

Gargaɗi: x ba ya haɗuwa da y a nan, kamar yadda ba a zuba kuɗin shinkafa a asusun wake. Kuma in wani ya ce maka amsar 8 + 5 + 12 = 25, wannan nisan da injin ya sha mai a kai ne, ka ajiye shi a gefe don wani lokacin suna tambayarsa a kashi na biyu, amma ba shi ne tazara ba.

Mataki na 6: Fitar da tsawon, r

Yanzu kana da alwatika mai kusurwar 90°, gefe ɗaya 6.848, ɗayan 4.226, kana neman dogon gefen. Fitagoras kenan:

r = √(x² + y²)
r = √(46.895 + 17.859) = √64.754 = 8.047

Wato kusan kilomita 8.05.

Gargaɗi: nan ne Math ERROR ke yawan fitowa yaro ya rikice. In ka danna −6.848² haka tsirara, kalkuleta za ta fara ninka lambar sannan ta manna mata ragi, ta ba ka −46.895, in ka haɗa da 17.859 ya zama −29 da ɗoriya, shi kuma ba ya shiga sikwaya rut. Ko dai ka sa lambar a cikin baka, (−6.848)², ko ka yar da ragin gaba ɗaya a wannan matakin tunda ragi sau ragi ƙari ne. Abin da ya fi haɗari ma shi ne lokacin da y ya fi x girma, don a nan ba za ta nuna kuskure ba, za ta ba ka wata lamba mai kyan gani wadda ba ita ba ce. Abin dubawa mai sauƙi: r dole ya fi kowanne cikin x da y girma ko ya yi daidai da babbansu, kuma ba zai taɓa wuce jimlar tafiyar ba, a nan 25.

Mataki na 7: Fitar da kusurwar, θ

A nan zan daɗe, don a nan ake zubar da maki bayan an gama shan wahala.

Abin da littafi ya ce shi ne tan θ = y ÷ x. Yaro sai ya danna tan⁻¹(4.226 ÷ −6.848), ta ba shi −31.7°, ya ja layi biyu a ƙasa ya tashi. To −31.7° ina ne? Ka fuskanci gabas ka karkata kudu, wato kudu maso gabas. Jirginmu kuma yana arewa maso yamma, kishiyar wurin sak. Ba lalacewa kalkuletar ta yi ba, tan⁻¹ amsarta kullum tsakanin −90° da 90° take, ɓangaren dama kawai take iya nunawa, saboda da zarar ka raba y da x ta daina sanin wanne ne mai ragin. 4 a raba da −6, da −4 a raba da 6, duk abu ɗaya ne a wurinta.

Ga yadda nake so ka yi. Da farko yar da duk alamomin ragi ka nemo ƙaramar kusurwa, mu kira ta α:

α = tan⁻¹(4.226 ÷ 6.848) = 31.7°

Wannan ita ce kusurwar da ke tsakanin igiyarka da layin kwance. Sai ka duba wace kwata kake, wato wane gida cikin gidaje huɗun da giccin zanenka ya raba, daga alamomin x da y da kuma zanenka:

x ƙari, y ƙari, arewa maso gabas: θ = α
x ragi, y ƙari, arewa maso yamma: θ = 180° − α
x ragi, y ragi, kudu maso yamma: θ = 180° + α
x ƙari, y ragi, kudu maso gabas: θ = 360° − α

Mu muna ta biyu, don haka θ = 180 − 31.7 = 148.3°.

Ba sai ka haddace layukan nan huɗu kamar karatun allo ba, in ka kalli zane za ka gan su da idonka: ka tafi har yamma, 180°, sai ka dawo baya da 31.7° saboda igiyar ba ta kai ga kwantawa a layin yamma ba, tana sama da shi.

Gargaɗi: kwata ta uku ta fi kowacce yaudara. Mutum ya yi mita 9 yamma, mita 12 kudu. −12 a raba da −9 ragin ya cinye ragi, kalkuleta ta ba ka 53.1° fes babu wata alamar da za ta sa ka yi zargi, alhali amsar 233.1° ce. Ko yaran da suka fi kowa ƙoƙari a ajina wannan na kama su in ba su yi zane ba. Sannan in jimlar x ta fito 0, kar ka raba, za ta ce Math ERROR, ai ka riga ka san amsar: in y ƙari ne 90°, in ragi ne 270°. In x da y duk sun fito 0, mutumin ya dawo inda ya tashi, tazararsa sifiri, babu kusurwar da za a nema.

Mataki na 8: Rubuta amsar yadda aka tambaye ta

A sigar fola: (8.05 km, 148.3°). Tsawo ke zuwa farko, kusurwa ta biyo.

In biyarin suka ce, dokar nan ta mataki na 3 ita za ka sake bi: 90 − 148.3 = −58.3, ƙara 360, 301.7°, in an ce a cike zuwa digiri guda 302°. In da haruffa suke so, N58.3°W. Duk wuri ɗaya suke nunawa. Ka koma ka karanta layin ƙarshe na tambayar kafin ka rubuta, ka ga lamba nawa suka ce a bari bayan ɗigo, ka kuma sa km ko m da alamar digiri. Amsar da ba ta da kusurwa rabin amsa ce, don bekta sai da fuska.

Mataki na 9: Tabbatar da amsar ta hanya biyu

Ta farko, madannin Pol. A fx-991ES PLUS danna SHIFT da +, za ka ga Pol( ya fito, rubuta −6.848, sai waƙafi wanda ke SHIFT da ), sai 4.226, rufe baka, danna =. Za ta nuna r = 8.047 da θ = 148.32 a tare. A fx-82MS Pol( na da madanninsa, in ka danna = tsawon kaɗai za ka gani, sai ka danna RCL da tan kusurwar ta fito. Ita Pol ba ta ɓata kwata, saboda x da y daban-daban ka ba ta, ba a rabe ba. Abu biyu dai: x ke shiga farko, in ka juya su ka sami wata kusurwar daban, kuma in wurin na ƙasan layin kwance da ragi take ba da amsa, na mai mita 9 da 12 ɗin nan −126.9° za ta ce, kai za ka ƙara 360 ya zama 233.1°. Wajen sa ragin lamba yi amfani da ɗan madannin (−), shi aka yi don haka.

Yara na jin wannan sai su ce "Malam to me ya sa ka wahalar da mu?" Saboda a takardar tiyori ta WAEC da NECO hanya ma tana da makinta, in ka rubuta amsa tsurarta ba tebur ba Fitagoras, ka bar maki a ƙasa, kuma in amsar ta kuskure ba abin da mai makin zai kama ya ba ka. Yi aikinka a rubuce, Pol ta zama mai shaida. A tambayoyin zaɓi kuwa danna ta kai tsaye ka wuce.

Ta biyu, takardar giraf, wannan a gida za ka riƙa yi don idonka ya saba. Ɗauki santimita 1 a matsayin kilomita 1, sa mafarin a tsakiyar faɗin takardar kusa da ƙasa don ka sami wajen santimita 7 hagu da dama da 9 a sama. Auna kowace kusurwa da furotirakta, kowane tsawo da rula, kai a wutsiya. Ja layi daga mafari zuwa ƙarshe ka auna, ya kamata ka ga santimita 8 da ɗan burbushi, kusurwa wajen 148°. In fensirinka mai kauri ne za ka iya kaucewa da digiri ɗaya ko biyu, ba komai, amma in ka ga bambancin ya kai goma to koma tebur, akwai inda alama ta faɗi ko aka sa sin a gidan cos.

Gwada wannan da kanka

Mai keke ya yi kilomita 6 a kan biyarin 045°, sannan ya yi kilomita 10 kudu sak. Rufe abin da ke ƙasa da hannunka sai ka gama.

Kusurwoyin fola 45° da 270° ne. Jimlar x = 4.243, jimlar y = 4.243 − 10 = −5.757. r = 7.15 km. α = 53.6°, x ƙari y ragi, kwata ta huɗu, θ = 306.4°, biyarin 143.6°. In 53.6° ka rubuta ka tsaya, koma mataki na 7. In ka sami 16, mataki na 5. In lambobinka gaba ɗaya ba su yi kama da waɗannan ba, ɗaga kalkuletar ka duba ko D ne a saman gilashin.